Wai ciwon dajin da iska ba ta kai wa cikinsa ba ya jin gashi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga likitocin gidan nan, ku yi haƙuri da tsawonta. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon direban babbar mota ne. Tun bayan Babbar Sallah muryarsa ta dishe, muka ɗauka mura ce, aka yi ta citta da zuma da kanumfari. Sai kaluluwa ta fito masa a wuya, ba ta ciwo, ba ta kuma bajewa. A taƙaice dai an yanki tsoka an gwada, an ce ciwon daji ne na maƙogwaro, za a yi masa gashi, wato harba wa ƙarin haske da inji, na sati bakwai haɗe da kemo. Muna zaune sai na ji likitan yana gaya wa na ƙasa da shi cewa ƙari mai girma haka sau da yawa cikinsa ba ya samun iskar oksijin, shi ya sa yake taurin kai. Ban samu damar tambaya ba, mutane sun cika a bakin ƙofa. To in rashin oksijin ne matsalar, mu haɗa kuɗi mu sayi silinda mu riƙa sa masa a gida? Kuma akwai gwajin da za a yi a gane ko nasa yana cikin masu taurin kan?

Hajiya Sista:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ɗana kada ku sayi silindar nan, ku riƙe kuɗinku, akwai inda za su yi muku rana. Ni tambaya ɗaya zan yi maka: yana shan taba?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Amin Hajiya. Ya sha shekaru da yawa, amma ya ce ya bari.

Hajiya Sista:
"Ya ce." To.

Malamin Fiziks:
Bari in ɗan share fage kafin likitoci su iso, don wannan ɓangaren namu ne. Hasken da injin gashi ke harbawa ba ƙona ƙari yake kamar yadda wuta ke ƙona tsire ba, sunan ne kawai ya zo haka. Abin da yake yi shi ne ya tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayoyin halittar ƙarin, wato DNA. To ƙwayar tana da dabarar ɗinke abin da aka tsinka. In akwai oksijin a wurin a daidai wannan lokacin, sai ya manne a bakin tsinkewar ya hana ta ɗinkuwa, ƙwayar ta mutu. In babu, sai ta gyara kanta ta ci gaba da harkarta. A ɗakin gwaji an auna: ƙwayar da ba ta da oksijin tana buƙatar haske ninki biyu da rabi zuwa uku kafin a yi mata ɓarnar da aka yi wa mai shi. Ninki uku kuwa ba wuyan ɗan Adam da zai ɗauka.

Tsohon zance ne. Wani masanin Ingila, Louis Harold Gray, da abokan aikinsa suka fito da shi fili a 1953, kuma sunansa aka sa wa ma'aunin hasken, gire. Gire 70 ɗin da za a ba Kawu a zama 35 daga sunan mutumin nan ne. A 1955 shi da Thomlinson suka duba yankakken ciwon dajin huhu a madubin ƙara girma, suka ga ƙwayoyin da ke kusa da hanyar jini suna raye, amma da an yi nisan da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba sai matattu. Tsakanin rayayyun da matattun akwai waɗanda ke numfashi da ƙyar, ba su mutu ba, ba su kuma jin gashi. Su ne 'yan matsalar.

Ka ɗauke shi kamar sabuwar unguwa da ta yi ta faɗaɗa ta wuce inda bututun ruwan madatsar Ajiwa ya tsaya. Na bakin titi suna da famfo, na can ciki sai abin da ya rage. Kuma bututun da ƙari ke shimfiɗa wa kansa aikin gaggawa ne, a karkace, wani ya toshe yau ya buɗe gobe. Ko ka cika babban tanki ya yi ambaliya, gidan da ba bututu ba zai ga ɗigo ba. Amsar silindarka ke nan.

Ƙaramin Likita:
Malam ka sauƙaƙa mana. Abin da zan ƙara a kan silinda: jinin mai lafiyar huhu dama a cike yake da oksijin kusan maƙil, abin da za ka ƙara kaɗan ne, kuma da an cire abin hancin ya tafi. Waɗanda suka gwada wannan hanya da gaske, a Holan, a kan gadon injin suke sa wa majinyaci ya shaƙi oksijin kashi 98 haɗe da kashi 2 na iskar da muke fitarwa, a daidai lokacin da hasken ke shiga, tare da ƙwayar magani mai suna nikotinamid. Mutum 345 masu ciwon dajin maƙogwaro, sakamakon ya fito a 2012. A maƙogwaron kansa ba a ga bambanci ba. A kaluluwar wuya an gani, ciwon bai dawo ba a kashi 93 na waɗanda suka shaƙa, kashi 86 na waɗanda ba su shaƙa ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda gwaji ya nuna ƙarinsu na fama da ƙarancin iska su ne suka kwashi ribar.

Sai tambayarka ta biyu, Yaya. E, akwai hanyoyin ganewa, kuma sun kai kala huɗu. Ta farko allura ce mai auna oksijin da ake sokawa cikin ƙarin kai tsaye. An tara sakamakon mutum 397 daga ƙasashe daban-daban a 2005, aka ga waɗanda nasu ya fi ƙarancin iska sun fi saurin rasuwa bayan gashi. Amma allura sai inda hannu ya kai, yanzu ba a cika yi ba. Ta biyu a yi wa mutum allurar wani sinadari, pimonidazol, kafin a yanki tsoka. Shi ba ya maƙalewa sai a ƙwayar da ba iska, sai a rina a gani a madubi. Ta uku a nemi alamun da ƙwayar ke fitarwa da kanta in ta ji shaƙewa, irin su HIF da CA9. Wannan HIF ɗin shi ne aka ba mutum uku kyautar Nobel a kansa a 2019, Kaelin da Ratcliffe da Semenza. Daga nan aka ci gaba zuwa karanta ƙwayoyin gado da yawa a haɗe: 'yan Denmak suna da jerin guda 15, 'yan Manchesta guda 26. Ta huɗu hoto ne, na'urar PET da wani sinadari mai suna FMISO, wanda ke haska inda iska ba ta kai.

Ni a ganina nan gaba ta nufa. Maimakon kowa a ba shi gire 70 kamar rabon zakka, a auna a ba kowa daidai ciwonsa.

Ɗan Funtuwa:
Likita da girmanka, amma wannan duk hangen Dala ne. Wanne daga cikin huɗun nan Kawun bawan Allahn nan zai samu a Katsina ko Kano ko Zariya ranar Litinin? Ni na yi jinyar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, nata a bayan hanci ne. Mun yi sati biyu ana gashi injin ya tsaya. Sati uku muna kwana a barandar wani asibiti da ba zan kira suna ba, kullum a ce gobe. Ba wanda ya yi mana zancen oksijin. Mu da muke neman injin ya kunnu, ku kuna zancen ƙwayoyin gado 26.

Hajiya Sista:
Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.

Ƙaramin Likita:
Amin. Gaskiyarka Yaya, ba ɗaya daga ciki da ake yi wa majinyaci a matsayin gwajin yau da kullum a nan. Kai, ko a Turai ma yawanci a cikin bincike ake yinsu. Amma tambaya aka yi, ba zan ce masa babu abin da akwai ba.

Maman Ilham:
Ku ba ni wuri, ni ce mai zama da tsokar nan bayan kun yanko. Likita ƙanena, ka jera su tsaf kamar kayan lefe, amma ba ka faɗi aibin kowanne ba.

Abin da ake kawo mana daga maƙogwaro wani lokaci bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, daga gefen da almakashi ya iya kaiwa. Ƙarancin iska kuwa ba a shimfiɗe yake bai ɗaya ba, nan akwai, can babu. Kamar ka je kasuwar Mai'aduwa ka ɗebi gero daga bakin buhu ka ce ka san abin da ke gindinsa. Sannan Malam ya faɗa, hanyar jinin tana toshewa tana buɗewa, wurin da ba iska da safe yana iya samu da yamma. Shi HIF kuma ba ya da haƙuri ko kaɗan, da iska ta taɓa shi cikin 'yan mintoci ya lalace. In aka yanko tsoka aka bar ta a faranti ana neman kwalba, ko aka sa ta a fomalin, ruwan adana tsoka, da aka tsinka da ruwa, ko ta kwana a mota daga wani gari, me zan rina in gani? CA9 ya fi shi jimiri, amma shi ma ba rashin iska kaɗai ke tayar da shi ba. Shi ya sa wani binciken ya ce alamar ta yi aiki, wani ya ce ba ta yi ba.

Akwai wanda aka yi murna da shi sosai don a jini ake aunawa, ostiyofontin. A samfurin 'yan Denmak ya nuna kamar zai raba masu amfana da marasa amfana, da aka gwada a wani babban rukuni na daban sai bai tabbata ba.

Malamin Fiziks:
Hoton ma yana da nasa. Sinadarin da ke haskawa a FMISO rabinsa na ƙarewa duk minti 110. Dole injin da ke ƙera shi ya kasance kusa. In ka ɗauko daga Legas, kafin ka gama da filin jirgi da hanya abin da ya rage ba yawa.

Ƙaramin Likita:
Na karɓa Anti. Amma bari in kawo abin da ya sa ban saki ba. Akwai magani, nimorazol, ɗan uwan Flagyl ɗin nan da kowa ya sani ne a ƙira. Yana shiga inda oksijin bai kai ba ya yi aikin oksijin, wato ya hana ɗinkin. Jens Overgaard da mutanensa a Denmak sun gwada a kan mutum sama da 400, aka buga a 1998: bayan shekara biyar ciwon bai dawo wurinsa ba a kashi 49 na waɗanda suka sha, kashi 33 na waɗanda ba su sha ba. Tun daga nan Denmak suke ba da shi. Da suka koma kan tsofaffin samfuran da jerin nan na guda 15, sai suka ga ribar tana wurin masu ƙarancin iska ne, waɗanda kuma ciwonsu ba ƙwayar cutar bairos mai suna HPV ce ta kawo shi ba. Wannan ba alama ce mai amfani ba?

Maman Ilham:
Ƙarasa mana. Faɗi na Ingila.

Ƙaramin Likita:
Anti ba kya bari a sha ruwa. To, a Ingila an sake gwadawa, mutum 338, tsofaffi da waɗanda jikinsu ba zai ɗauki kemo ba, aka yi amfani da jerin guda 26. Sakamakon ya fito a 2024, nimorazol bai ƙara komai ba, har a cikin waɗanda aka ce nasu ba iska.

Maman Ilham:
Yauwa. Nan ne gizo ke saƙar. Alama iri biyu ce, mutane suna haɗa su. Akwai wadda ke gaya maka daminar bana za ta yi gardama. Akwai wadda ke gaya maka wane iri za ka shuka don ka tsira. Ta farko mun samu, kusan kowa ya yarda ƙari marar iska ya fi wuyar magani. Ta biyun ce har yanzu ake ja. In na gaya wa Ɗan Ƙofar Marusa cewa na Kawunsa ba iska, amma maganin da za a ba shi bai canza ba, me na ƙara masa ban da rashin barci?

Alhaji Mai Kemis:
Ni dai ba likita ba ne amma shekarata ashirin da wani abu a kanti. Tunda jini ke ɗaukar iskar, ai sai a cika masa jini. A haɗa masa maganin ƙarin jini mai kyau, da zogale da hanta, in da hali a yi masa allurar nan da ake yi wa masu wankin ƙoda. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ƙaramin Likita:
Alhaji ranka ya daɗe, zogale da hanta ban ƙi ba in zai iya haɗiya, amma allurar nan a'a, don Allah. Tunaninka shi ne tunanin da manyan likitoci suka yi, don an daɗe da lura masu ƙarancin jini sun fi shan wuya da gashi. Aka gwada a Jamus, mutum 351, aka buga a 2003. Jinin ya hau kamar yadda ake so, amma waɗanda aka yi wa allurar ciwonsu ya fi saurin dawowa. Denmak ma suka gwada irinta suka ga haka. Ƙarin jini na leda kuma, da suka duba, bai gyara sakamakon gashin ba. In jininsa ya yi ƙasa likitansa zai ƙara masa don ya samu ƙarfin jiki, wannan daban. Amma kada a saya a kanti a yi masa a gida.

Alhaji Mai Kemis:
Ikon Allah. To na janye allura, na bar zogale.

Ɗan Funtuwa:
Kun ga abin da nake faɗa. Silinda a'a, allura a'a, gwaji babu. To me ya rage?

Malamin Fiziks:
Abin da ka faɗa da farko shi ya rage, kuma binciken oksijin ɗin da kansa ya ba ka gaskiya. An yi wani babban gwaji da 'yan Ostareliya suka jagoranta, mutum 861, na wani magani tirafazamin da aka ƙera don ya kashe ƙwayoyin da ba iska. A 2010 aka ce bai yi amfani ba, kuma ba a tace masu ƙarancin iskar ba kafin a ba su, kowa aka haɗa. Amma da suka bi takardun tsarin gashin ɗaya bayan ɗaya sai suka ga wani abu da ya fi maganin girma. Waɗanda aka yi musu tsarin da manyan kurakurai, kashi 50 ne suka kai shekara biyu. Waɗanda aka yi musu daidai, kashi 70. Ba maganin oksijin da ya taɓa ba da tazara irin wannan.

Kuma raba gashin da ake yi kullum kaɗan-kaɗan, shi kansa dabarar oksijin ce. Na yau ya kashe na kusa da hanyar jini, masu shan iskar suka ragu, sai ta samu wucewa zuwa na ciki, gobe su ma su ji. Amma daga wajen sati na huɗu ƙwayoyin da suka rage suna ƙara saurin haihuwa. Duk ranar da aka tsallake an ba su fili. Sati ukun da kuka yi a baranda ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba laifinku ba ne.

Ɗan Funtuwa:
Na sani Malam. Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

Ƙaramin Likita:
Wani abu kuma da ke damuna, duk da ni ne mai kare alamun nan: kusan duk binciken a kan Turawa aka yi, masu ciwon maƙogwaro na taba da giya. Mu nan cikin waɗanda muka fi gani akwai na bayan hanci irin na Inna, wanda ke da alaƙa da wata ƙwayar cutar bairos mai suna EBV, halinsa daban. Kuma namu suna zuwa ne bayan an zaga wurin wanzami an yi sakiya, ƙarin ya yi girma. Wurin da hoton FMISO ya fi burge ni ma ba irin namu ba ne. A wani asibitin ciwon daji a Niyok ta Amurka, masu ciwon da HPV ta kawo, ana ɗaukar hoton bayan an fara gashi da kamar sati biyu. In ba a ga ƙarancin iska ba sai a tsaya a gire 30 maimakon 70. Yawancinsu sun cancanta, kuma sun samu sauƙi ba tare da bushewar baki da wahalar haɗiya mai tsanani ba. Wato can alamar ta fara gaya musu wane iri za su shuka, Anti. Sai dai ragewa take sa a yi ga masu sauƙin ciwo, ba ta ba mu abin da za mu ƙara wa masu taurin ba.

Maman Ilham:
Wannan na yarda da shi. Ka ga da ka fara da shi da ba mu yi faɗa ba.

Hajiya Sista:
Kun gama Turancinku? Na dawo kan tambayata da ba wanda ya kula. Hayaƙin taba yana da wata iska mai guba wadda ke kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Duk kujerar da ta hau, oksijin ba shi da wurin zama. Likita ka faɗi alƙaluman, ni na manta su, amma na ga abin da idona a ɗakin jinya.

Ƙaramin Likita:
Kanada, 1993, mutum 115. Waɗanda suka ci gaba da shan taba lokacin gashi, kashi 45 ne ƙarinsu ya baje, waɗanda ba sa sha kashi 74. Kaiwa shekara biyu, 39 da 66. Kuma iskar gubar tana fita daga jini cikin kwana ɗaya zuwa biyu in aka daina, ba sai an jira wata ba. Shisha ma haka, gawayinta ya fi. Har kaskon garwashi a ɗaki a rufe lokacin hunturu irin iskar yake fitarwa.

Hajiya Sista:
To ka ji. Kuɗin silinda ku kama masa ɗaki kusa da asibitin, kada a ce yau ba mota, gobe an tafi biki. Ku sa ido kan cin abinci, daga sati na uku maƙogwaro zai yi zafi, sai kunu da madara da ƙwai da romo, kaɗan-kaɗan sau da yawa. A kai shi likitan haƙori kafin a fara. Sauran 'yan gidan nan kuma, muryar da ta dishe ta wuce sati uku a kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ba wurin mai shayi ba. Yanzu ma ga cibiyar ciwon daji da gwamnatin tarayya ta buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Katsina a watan Yulin 2025, tare da ta Inugu da ta birnin Benin.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Hajiya kin sa na tashi na je ɗakinsa da sunan ɗauko caja. Akwai kwali a cikin hularsa a kan taga, saura kara huɗu. Ni dai ba zan iya tunkararsa ba, shi ya riƙe ni tun ina firamare.

Hajiya Sista:
Ba kai za ka faɗa ba. Mahaifiyarka ba yayarsa ba ce? Tura ta. Kuma kada a yi a gaban matansa.

Alhaji Mai Kemis:
In zai sha wahalar bari, ku tambayi likitansa ko ya yarda a ba shi abin mannawa na nikotin. In ya rubuta zan sa a nemo daga Kano.

Ɗan Ƙofar Marusa:
To Alhaji, zan tambaya ranar Litinin, ranar ce za su auna masa abin rufe fuskar da ake sawa a injin. Umma ta ce bayan Isha'i za ta shiga wurinsa.